Akwatin Katunan Besbol a Hannunka: eBay, COMC, Whatnot, Gidan Gwanjo ko Dillali?

Duk wanda ya daɗe a Amurka, musamman a Bronx inda 'yan uwanmu na zangon Gana da na Nijar da Najeriya suka yi yawa, kuma filin wasan ƙungiyar besbol ta Yankees yana nan a bakin titi na 161, da wuya a ce bai taɓa cin karo da katunan 'yan wasan besbol ba. Wani ya tarar da su a ɗakin ajiyar kaya da ya saya a gwanjo. Wani kuma dattijon da ya taya kwashe kayan gida ne ya ce ya tafi da su. Wani ɗansa ne ya tara tun yana firamare, ya tafi jami'a ya bar akwatuna a ƙarƙashin gado. Tambayar dai ɗaya ce: a ina za a sayar, kuma yaya za a yi kada a yi wa mutum wayo?

Ra'ayina tun daga farko shi ne, kada ka zaɓar wa akwatin gaba ɗaya hanya guda. A yawancin tarin katuna, kusan duk kuɗin yana jikin 'yan ƙalilan ne, sauran kuwa takarda ce mai hoto. Kasuwar da ta dace da katin dala 3,000 za ta cinye ka idan ka kai mata na dala 3, haka ma akasin haka.

Fara sanin abin da ke hannunka

Juya katin ka duba shekarar da ke bayansa. Idan ka ga tsakanin 1987 da 1994, to ka sassauta buri. A wannan zamanin kamfanonin Topps da Fleer da Donruss da Score sun buga katuna ba adadi, mutane kuma suka saya suka adana da tunanin jari ne. Da yake kowa ya adana, yau kowa yana da su. Cikakken jerin Topps na 1988, kati 792 a kwalinsa, kuɗin aika shi ta gidan waya yakan kusan kamo farashinsa. Akwai 'yan tsiraru da suka fita zakka: katin Ken Griffey Jr. mai lamba 1 na kamfanin Upper Deck na 1989, da na Derek Jeter na jerin SP na 1993, da na Frank Thomas na Topps na 1990 wanda aka yi kuskuren buga shi ba suna a gaba. Ban da irin waɗannan, sai haƙuri.

Kuɗin yana wurare biyu. Na farko, tsofaffin katuna, kusan daga 1980 zuwa baya, musamman katin shekarar farko ta fitaccen ɗan wasa: Hank Aaron na 1954, Roberto Clemente na 1955, Nolan Ryan na 1968. Na biyu, sababbin katuna masu sa hannun ɗan wasa ko masu lambar ƙayyadewa, inda za ka ga an buga 12/50 a jiki, wato na 12 cikin 50 da aka yi kacal.

Labaran da ke ruɗar mutane gaskiya ne, ba ƙarya ba. A watan Agusta na 2022 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da katin Mickey Mantle na Topps na 1952 a kan dala miliyan 12.6, alhali mai shi ya saye shi dala 50,000 a 1991. A wannan watan kuma aka sayar da katin Honus Wagner, na jerin T206 da kamfanin taba ya riƙa sakawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, a kan dala miliyan 7.25. Amma an sake buga hoton waɗannan katuna biyu sau ba iyaka, wasu da izini wasu na jabu. Idan ka tsinci Mantle na 1952 a akwati, ɗauka cewa kwafi ne har sai masana sun ce ba haka ba.

Farashi kuwa, kada ka duba abin da masu sayarwa suka rubuta. Kowa yana iya sa wa katinsa dala 5,000. A eBay, babbar kasuwar saye da sayarwa ta intanet, akwai wurin da ake tace bincike ya nuna kayan da aka riga aka sayar kaɗai, can ne gaskiya take. Shafin 130point kuma yana nuna ainihin kuɗin da aka sallama bayan an yi tayi, wanda eBay kan ɓoye. Da wannan ka raba katunan gida uku: waɗanda suka haura dala 500, na tsakanin dala 10 da 500, sai tarkace.

Ma'aunan da zan bi

Abu huɗu. Na farko, abin da zai shiga aljihunka bayan an cire la'ada da kuɗin aikawa, ba farashin da aka buga a allo ba. Na biyu, tsawon jira, da ko kasuwar tana riƙe kayanka lafiya har mai saye ya zo. Na uku, wahala: hoto, rubutu, ɗauri, layin gidan waya. Na huɗu, haɗari: damfara, ɓatan kaya, mayar da kaya, da faɗuwar farashi a ranar da ba masu saye. Kamfanonin nan suna taɓa kuɗin la'adarsu lokaci zuwa lokaci, don haka ka leƙa shafinsu ranar da za ka sa kaya.

Maganar kai kati a ba shi maki

Wannan ba kasuwa ba ce, amma ita ke yanke ko wace kasuwa za ta karɓe ka. Kamfanoni irin su PSA, da aka kafa a 1991 a Kalifoniya, da SGC da Beckett da CGC, suna duba kati su tabbatar na gaske ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a kwanson roba mai lamba. Abu huɗu suke dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da zaman hoton a tsakiya. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da mutane. Kati ya fito fes daga leda, ba wanda ya taɓa shi, amma farin gefen hagu ya fi na dama faɗi tun daga wurin yanka, shi ke nan maki 10 ya kuɓuce.

Bambancin maki ɗaya ko biyu ba ƙarami ba ne. Griffey na 1989 mai maki 10 na PSA yana kai dubban daloli, mai maki 8 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Kuɗin dubawa galibi yana farawa daga dala 20 da wani abu kowane kati, yana hawa idan katin mai tsada ne, ga kuɗin aikawa da inshora, ga jiran makonni ko watanni. A 2021 kaya sun yi wa PSA yawa har ta dakatar da karɓar yawancin aiki na wani lokaci.

Lissafin da nake ba da shawara: duba farashin katin a maki 8, ba a maki 10 ba. Idan a maki 8 kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, aika. Idan sai ya samu 10 za ka ci riba, bar shi yadda yake. Tsofaffin katuna na manyan 'yan wasa su ne daban, ko sun sha jiki a kai su, domin abin da mai saye yake biya shi ne tabbacin cewa ba jabu ba ne. Kuma don Allah kada ka goge kati, kada ka danne shi da dutsen guga, kada ka datse gefensa da reza don ya yi kyau. Suna auna shi, kuma katin da aka taɓa ba ya samun maki.

eBay

Nan ne babbar kasuwa, nan ne farashin da kowa ke kafa hujja da shi yake fitowa. La'adar katuna kashi 13.25 cikin 100 ce har zuwa dala 7,500, abin da ya haura haka kuma kashi 2.35, sai santi 30 ko 40 a kan kowane ciniki. Abin da sababbi ba sa lura da shi shi ne, ana lissafa la'adar a kan duk abin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa da harajin jiharsa.

Ga misali. Ka sayar da kati dala 100, ka caji dala 5 na aikawa, harajin jihar mai saye ya zo dala 8 da 'yan kai. La'ada za ta hau kan wajen dala 113, wato dala 15 da ɗoriya. Ka biya gidan waya dala 5 ɗin, abin da ya rage maka bai cika dala 85 ba. A katin dala 2 kuwa, bayan la'ada da ambulan da leda da gidan roba, da ƙyar ka tsira da dala guda, kuma ka ɓata minti goma a kansa. Yi wannan sau 800 ka gani.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: a kati mai tsada sosai, eBay ta fi gidajen gwanjo arahar la'ada. Katin dala 20,000, la'adarsa ba ta kai dala 1,300 ba idan ba a sa haraji a lissafi ba, wato ƙasa da kashi 7. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Wa zai tura dala 20,000 ga asusun da aka buɗe makon jiya, wanda ba shi da shaidar ciniki ko ɗaya? Sabon mai sayarwa yana fuskantar iyaka kan yawan kayan da zai sa, ana iya riƙe kuɗinsa na kwanaki, kuma masu saye suna taya kayansa ƙasa da na wanda ya yi suna.

Wajen karko, kayan da ka sa wa tsayayyen farashi yana nan har a saya, kuma katin yana hannunka. Gwanjon kwana 7 ya fi sauri, amma ya dace ne da katin da mutane da yawa ke nema. Katin ɗan wasan da ba a damu da shi ba, ka fara shi a santi 99, a santi 99 zai tafi.

Haɗarin eBay sananne ne. Mai saye ya ce kaya bai zo ba, ko ya ce ba haka aka kwatanta ba, ya mayar maka da wani kati daban mai lanƙwasasshiyar kusurwa. Abubuwa uku suna rage wannan. Katuna masu tsada, daga wajen dala 250, eBay tana bi da su ta hannun masu tantancewa kafin su isa ga mai saye, wanda hakan kariya ce gare ka ma. Cinikin da ya kai dala 750 sai ka nemi sa hannun mai karɓa, in ba haka ba ba ka da kariya idan ya musa. Ƙananan katuna na dala 20 zuwa ƙasa kuma akwai ambulan na musamman mai lambar bibiya, kuɗinsa wajen dala ɗaya.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida. Kati ya fara shiga siririyar leda, sannan gidan roba mai tauri, a rufe bakin da shuɗin salatif ɗin masu fenti domin shi ba ya barin danƙo, a sa tsakanin kwali biyu, sannan ambulan mai kumfa. Salatif na yau da kullum yana manne wa roba, mai saye ya sa wuƙa ya yanka, ya taɓa katin, ya dawo ya ce laifinka ne. Hoto kuma gaba da baya, a kan baƙin ƙyalle, kusa da taga, kowace kusurwa a fili. Idan akwai layin karaya, ka nuna shi ka rubuta shi. Ɓoye aibi a nan kai yake cuta.

Wanda yake son farashin eBay ba tare da wahalarta ba, akwai manyan dillalai a cikinta masu karɓar kayan mutane su sayar da asusunsu, su cire la'ada. Sau da yawa abin da za ka samu bai yi nisa da wanda za ka samu da kanka ba, saboda sunansu yana jawo masu taya.

COMC

Wannan kamfani yana jihar Washinton, kuma tsarinsa daban ne. Ka tattara katunan ka aika musu sau ɗaya. Su za su ɗauki hoto, su gano sunan kowane kati da jerinsa, su ajiye a rumbunsu, su aika wa mai saye. Naka kawai sa farashi da amsa tayi daga wayarka. Katunan suna bayyana a eBay ma ta asusunsu.

Kuɗin yana zuwa hawa-hawa: kuɗin sarrafa kowane kati tun kafin a sayar, kashi 5 idan an saya, sai kashi 10 ranar da za ka fitar da kuɗinka zuwa banki. Wannan na ƙarshe yana da ciwo, an yi shi ne don ka bar kuɗin a ciki ka sayi wasu katunan. Katin dala 10 zai bar maka wajen dala 8, wanda idan ka kwatanta da wahalar eBay ba laifi ba ne.

Matsalarsa jira. Tsari mafi araha yana ɗaukar makonni da yawa kafin katunan su hau shafi, kuma bayan sun hau suna iya zama shekara ba a taya ba, ana cirar ɗan kuɗin ajiya. Kuɗin sarrafawa kuwa ba ya dawowa. Idan ka aika musu tarkacen 1990 guda 1,000, ka biya kuɗin kowane ɗaya, to ka sayi asara da kuɗinka, domin za ka tarar akwai ɗaruruwan irin katinka a gabanka a layi, kowa yana karya farashi. Damfara kuwa kusan babu, tunda ba kai ke hulɗa da mai saye ba.

Whatnot

Manhaja ce ta gwanjo kai tsaye, an fara ta a 2019. Ka kunna kyamara, ka ɗaga kati, agogo ya fara ƙirga daƙiƙoƙi, masu kallo su yi ta taya. La'ada kashi 8 ce, sai kashi 2.9 da santi 30 na sarrafa biya. A katin dala 100 za ka tsira da wajen dala 88, ya ɗan fi eBay.

Amma sharaɗin shi ne katin ya kai dala 100 ɗin. A nan farashi yana bin yawan waɗanda ke kallonka a wannan daƙiƙar. Wanda ya yi suna yana da ɗaruruwan masu kallo. Kai sabo, mutum shida ne a ɗakinka, uku daga cikinsu 'yan sari ne masu jiran banza ta faɗi. Ka fara katin dala 60 a dala 1, a daƙiƙa 20 ya tafi a dala 9, kuma ba damar cewa albarka. Sannan aikin yana son baki: Turanci mai sauri, sanin 'yan wasa, raha ta awa biyu ko uku ba tsayawa. Wanda bai san bambancin Aaron Judge, ɗan wasan wannan zamani, da Hank Aaron na zamanin da ba, masu kallo za su gane a minti biyar.

Wani abu kuma da ya kamata mai kula da halal ya sani. Babban ɓangaren harkar katuna a irin waɗannan manhajoji shi ne sayar da rabo: mutane su biya kuɗi kafin a buɗe kwali, kowa ya ɗauki abin da ya faɗo wa ƙungiyar da aka ba shi, ko a sayar da ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba. A ganina wannan ya yi kusa da caca ƙwarai. Ba dole ne ka yi haka ba, kana iya sayar da katinka a fili kowa yana gani, sai dai ka san da su kake gogayya wajen jan masu kallo.

Inda Whatnot ta yi fice shi ne kwashe tsaka-tsakin kaya da sauri, ƙunshi-ƙunshi, a dare ɗaya.

Facebook da cinikin hannu da hannu

La'ada kaɗan ce ko babu. A rukunonin masu tara katuna ana biya ta PayPal, kuma tsarinta na biyan kuɗin kaya, Goods and Services, mai cin wajen kashi 3, shi ke ba da kariya. Duk wanda ya matsa sai ta Friends and Family, tsarin tura wa 'yan uwa kuɗi, ko manhajar tura kuɗi ta Zelle, ko ya turo hoton shaidar biya ya ce ka aika kaya kafin kuɗi ya bayyana a asusunka, rabu da shi. Rukunonin nan suna tafiya ne da shaidar waɗanda suka taɓa ciniki da kai, baƙo ba ya samun farashi mai kyau.

Amfaninsa na gaske shi ne tarkace. Kwalaye masu nauyi da ba su cancanci kuɗin gidan waya ba, ka sa su a Marketplace, wato kasuwar cikin Facebook, wani uba ya zo ya saya wa yaransa, ko wani mai shago ya kwashe. Ku haɗu da rana a wurin jama'a. Ofisoshin 'yan sanda da yawa a Amurka sun ware wuri mai kyamara don irin wannan musayar. Kada ka ba da adireshin gidanka, kada ka fita da kati mai tsada.

Gidajen gwanjo

Heritage a Dalas ta jihar Tekzas, Goldin wanda eBay ta saya a 2024, Robert Edward Auctions da ya shahara kan tsofaffin katuna, da Fanatics Collect, wanda a da ake kira PWCC kafin Fanatics ta saye shi a 2023. A wannan na ƙarshe aka sayar da katin ɗan wasa Paul Skenes, wanda guda ɗaya tilo aka buga, a kan dala miliyan 1.11 a watan Maris na 2025.

Tsarin kuɗinsu yana ruɗar baƙo. Za su iya ce maka ba za su cire maka la'ada ba ko kaɗan, kuma gaskiya ne a takarda. Amma mai saye yana biyan ƙarin kashi 20 ko ɗan sama da haka a kan farashin da aka buga guduma. Shi kuwa ya san da wannan, don haka yana rage tayinsa. Idan a ransa katin dala 1,200 ne, zai tsaya a 1,000. Kai ka karɓi 1,000, gidan ya ɗauki 200. Kamar dai dillalin kara ne da ya ce a wurin mai saye zai karɓi la'adarsa: daga jikin saniyarka ta fito. Idan kayanka na da daraja sosai, ana ciniki a kan wannan, har a ba ka wani kaso na ƙarin. Ka tambaya, ba sa fara faɗa.

Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne amana da masu kuɗi. Su ke tallata kayan, su taimaka wajen kai shi a ba shi maki, su sa inshora, su karɓi kuɗi. Ba mai mayar maka da jabu. Jira kuwa wata biyu ko uku ne daga aikawa zuwa biya. Haɗarin da ya rage shi ne ranar gwanjo: idan an sa irin katinka guda uku a dare ɗaya, ko kasuwa ta yi sanyi kamar yadda ta yi bayan tashin farashin katuna na 2020 da 2021, abin da guduma ta buga shi ke nan. Kafin ka sa hannu, karanta ko an yarda ka sa mafi ƙarancin farashi, da ranar biya, da wanda ke ɗaukar asara idan kaya ya ɓace. Aikawa kuma, Registered Mail na gidan wayan Amurka yana da jinkiri amma yana ɗaukar inshora har dala 50,000.

Dillalin da ke saye a dunƙule

Shagon katuna na unguwa, ko kamfanoni irin su Dean's Cards a Ohayo da Just Collect a Niu Jazi, masu sayen tsofaffin tari. Ka tura hotuna, su yi tayi, ka aika, su biya. Ba hoto ɗaya-ɗaya, ba rigima, kuɗi a 'yan kwanaki. Farashin kuwa na sari ne, tunda shi ma riba zai nema: a kaya masu tafiya kana iya samun rabi zuwa kashi biyu cikin uku na farashin kasuwa, a tarkace kuwa kusan kyauta.

Ba zalunci ba ne, muddin ka san abin da ka miƙa. Inda ake cutuwa shi ne mutum ya ɗauki akwati bai duba ba, a ce masa dala 200 duka, ya yi murna, alhali kati ɗaya a ciki ya fi haka. Ka ji tayin mutum biyu ko uku. Kuma idan dillali ya zaɓi guda goma ya ce su kaɗai yake so, ka lura da goman nan da kyau, ya riga ya nuna maka inda kuɗin yake.

| Hanya | Abin da ake cira | Jira | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| eBay | kashi 13.25 da 'yan santi | kwanaki zuwa makonni | mai yawa | mayar da kaya, musun karɓa |
| COMC | kuɗin kowane kati, kashi 5, kashi 10 na fitarwa | watanni | kaɗan | kaya su ƙi tafiya |
| Whatnot | wajen kashi 11 | dare ɗaya | mai yawa, sai da baki | faɗuwar farashi |
| Facebook | kashi 3 ko babu | ba tabbas | matsakaiciya | damfara |
| Gidan gwanjo | wajen kashi 17 na abin da mai saye ya biya | wata 2 zuwa 3 | kaɗan | ranar gwanjo mara armashi |
| Dillali | sulusi zuwa rabi, ko fiye | kwanaki | babu | sayarwa cikin rashin sani |

Haraji yana kan duk hanyoyin nan. A Amurka ribar kayan tarawa da aka riƙe fiye da shekara ana iya cajinta har kashi 28, kuma kamfanonin suna aika wa hukumar haraji ta IRS takardar 1099-K, mai nuna kuɗin da ka karɓa, idan cinikinka ya kai wani mataki. Ajiye rasit na kuɗin maki da na aikawa. Kayan gado kuwa, ana fara lissafin riba ne daga darajarsu a ranar rasuwar mai su, ba daga kuɗin da ya saya ba. In kuma gadon na mutane da yawa ne, a sanar da magada kafin a sallama ko kati ɗaya.

Wa ya dace da wace

Idan kana da tsohon kati ɗaya ko biyu da binciken ka ya nuna sun haura dala 2,000, kai su a ba su maki, sannan ka tuntuɓi gidajen gwanjo biyu ka ji wanda zai fi ba ka sharaɗi mai kyau. Kada sabon asusunka na eBay ya fara da su.

Idan katunanka na dala 20 zuwa 500 ne, ba su wuce 100 ba, kuma kana da maraice biyu a mako, eBay ce taka. Fara da masu araha har ka tara shaidar ciniki, sannan ka fito da manyan.

Idan guda ɗaruruwa ne na dala 3 zuwa 20, kuma aikin tasi ko na asibiti bai bar maka lokaci ba, ga shi ba ka matsu da kuɗin ba, aika wa COMC ka manta da su na ɗan lokaci.

Idan ka san wasan, bakinka yana zuba, kuma so kake ka mai da abin sana'a, gwada Whatnot, amma da kayan da ba za ka yi kuka ba in sun tafi a dala 1.

Idan kuɗin haya ne ya taso ko tafiya gida ta matso, cire manyan guda biyar ko goma ka ajiye, ka kai wa dillali sauran. Tarkacen 1987 zuwa 1994 kuwa, Marketplace, kwali guda farashi guda, wanda ya fara zuwa da kuɗi a hannu ya ɗauka.

Wanda kuma katunan suka biyo shi har Kano ko Kumasi ko Damagaram a cikin kayan kwantena, aika kati ɗaya-ɗaya daga can ba zai fitar da shi ba, kuɗin jirgi ya fi kuɗin kayan, masu saye kuma suna can Amurka. Ya duba farashi a waya, ya ware masu daraja, ya sa kowanne a leda da gidan roba nesa da laima da zafin rana, ya ba amintaccen matafiyi ya kai wa ɗan uwa a can, a shigar da su COMC ko gidan gwanjo, bayan an rubuta jerin katunan da hotunansu kowa ya riƙe kwafi.